Ɓarin Goron Gwaggo Ladi

'Yan'uwa, wannan abu ni ya faru da ni, ba a bakin wata na ji shi ba, kuma Allahn da ya halicce ni shi ne shaidata ban ƙara masa komai ba. A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula abin ya faru, lokacin muna zaune a Tarauni, autata ba ta daɗe da shiga firamare ba. Alhaji, maigidana, dilan sabulu da man shafawa ne a kasuwar Singa, sai kamfanin da yake sarin kaya a wurinsu suka zaɓi wasu daga cikin dilolinsu suka ce za a kai su yawon shaƙatawa a jirgin ruwa daga Legas, kowa da matarsa. Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba, da farko cewa na yi a kai kasuwa, sai da Alhaji ya yi ta lallashi sannan na yarda.

Kafin mu tashi na je Gyaɗi-Gyaɗi yi wa Gwaggo Ladi sallama. Yayar mahaifina ce, kuma a hannunta na yi rabin ƙuruciyata. Sai na ɗan ba ku labarinta kafin ku gane abin da ya biyo baya. Mijinta, Malam Isuhu, ya tafi Ikko, wato Legas, neman aiki tun kafin Turawa su bar ƙasar nan, aka ce ya sami aikin dafa abinci a wani jirgin ruwa na kaya, daga nan shiru. Babu shi, babu labarinsa, babu wanda ya zo ya ce ya ga kabarinsa. Dangi sun yi sun yi da ita ta je gaban alƙali a raba auren ta yi wani, ta ƙi. Malamai sun ce mata shekarun sun kai a ɗauke shi a matsayin mamaci, ta ce ita ba a gaya mata ba. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta sa malmala ɗaya a akushinsa ta rufe, da safe mu yara mu yi ɗumame da ita, har muna kiran abin tuwon Malam, alhali ko hotonsa ba mu taɓa gani ba. Abin da ya fi damun mahaifina shi ne, Gwaggo ta hana kowa ya ce "Allah ya ji ƙansa" a gabanta. In ka kuskura ka faɗa, ranar ba za ta ƙara yi maka magana ba. Baba yakan ce in bawan Allahn nan ya rasu, to shekara da shekaru ke nan yana kwance babu mai nema masa gafara, ba a yi masa sadaka ko ta ƙosai ba. Ga shi ita ma ta tsufa, zuciya ta fara ba ta matsala.

Da na gaya mata teku za mu, sai ta ajiye carbinta ta gyara zama. Ta jawo wani ɗan tsumma mai laima daga ƙarƙashin gado, ta zaɓo jan goro ɗaya, daushe, ƙato, ta miƙo mini. Ta ce tun da can za ni, in na ga Malam in ba shi. Matar ɗan ƙaninta da ke tsakar gida ta fashe da dariya, ta ce Gwaggo ta ɗauka teku kamar Kwanar Dawaki ce, kowa ya je sai ya haɗu da kowa. Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba, ta ce teku ai ɗaya ce, shi ma ta nan ya bi. Na tambaye ta yaya zan gane shi, ta ce dogo ne, kuma ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne, wuƙa ta yanke shi tun yana yaro. Wallahi tausayinta ne kawai ya sa na karɓa, na ɗaure a haɓar mayafina, a raina ina cewa in na dawo sai in ce ban gan shi ba, shi ke nan.

Kwanakin farko a jirgi jiri da amai ne suka sha kaina, ban ga komai ba sai rufin ɗaki. Ranar da na warware ita ce ranar da jirgin ya tsaya a wani tsibiri, aka ce duk mai so ya sauka a zagaya da shi, amma kowa ya dawo kafin faɗuwar rana don jirgi ba ya jiran mutum. Sunan tsibirin ba ya zama a bakina, kuma ko yana zama ba zan faɗa ba. Tun daga nesa abin da za ka fara gani wani dutse ne guda ɗaya tsaye a tsakiya, kansa cikin gajimare, aka ce irin mai aman wutar nan ne. Na karanta shi a sakandare, na ma zana shi a jarrabawa, amma karatu daban, ka tsaya a ƙarƙashinsa daban.

Aka zuba mu a wata bas, mu Hausawa kaɗan ne, sauran Yarabawa da Inyamurai da wasu Turawa tsofaffi. Mai yi mana jagora wani magidanci ne ɗan tsibirin, yana Turanci da wata irin murya sai ka kasa kunne sosai. Yashin bakin ruwansu baƙi ne wuluk kamar an daka gawayi. Muna hawa sama bishiyoyi suna raguwa, sanyi yana ƙaruwa, har muka kai inda babu ko ciyawa, ƙasar duk ta zama kamar ƙanzon tuwo da ya kama a gindin tukunya, baƙa, a murɗe, a tsattsage. Wani wari yana tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A wani wuri aka tsaya aka nuna mana mata suna binne tukwane a rami, ba itace ba gawayi, ƙasar ce kawai take dafa musu. Ni da na san wahalar hura ɗanyen itace da damina, na daɗe a tsaye ina kallo ina tasbihi. Wata Hajiya 'yar Hotoro da muka saba a jirgi ta ce a ba ta ƙasar nan buhu ɗaya ta huta da sayen kalanzir, muka yi dariya.

Bayan rana ta karkata aka kai mu wurin ƙarshe, wani ƙauye da dutsen ya cinye shekarun baya. Mai jagora ya ce narkakken dutse ne ya gangaro kamar kunu ya malale gidajen, waɗanda suka gudu suka gudu, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake kwana a wurin. Rufin gidaje kawai ake gani a daidai gwiwar mutum, wani wurin saman taga, wani wurin kan katanga. A nan dariyar kowa ta ɗauke. Ko tsuntsu babu. Ƙasar tana da ɗumi, ina jin sa ta cikin takalmina.

Na duba agogo na ga azahar ta yi nisa. Alhaji ya ce in bari mu koma jirgi mu haɗa da la'asar tun da matafiya ne, kuma gaskiyarsa ne, amma ni halina ne in lokaci ya shiga ban yi ba sai in ji kamar na bar tukunya a kan wuta. Ina da alwalata. Shi ya zauna a bakin bas yana hutar da ƙafarsa, ni kuma na ɗauki sallayata na zagaya bayan wata katanga da ta ɗan fi sauran tsawo, don kada in yi ruku'u a gaban maza. Ba nisa, ina jin muryoyinsu. Sai da na shimfiɗa sallaya sannan na tuna ban san gabas ba, ga gajimare ya sauko ya rufe rana, ko'ina fari fat.

Ina tsaye ina juye-juye sai na ji an yi sallama.

Na amsa tun kafin in waiwaya, don bakin Musulmi haka ya saba. Wani dattijo ne zaune a kan rufin wani gida da ya nutse, kamar yadda tsofaffi ke zama a dakali. Ya ɗaga hannu ya nuna mini wani ɓangare, ya ce, "Gabas nan ne, 'yata."

Da Hausa, 'yan'uwa. Hausar Kano tsantsa, irin ta kakanninmu. Da farko daɗi na ji, na ɗauka cikin fasinjojin jirgi ne da ban lura da shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a tsanake, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya. Ya ce daga wane gari, na ce Kano. Wace unguwa, na ce Tarauni. Sai ya yi murmushi ya ce ashe ni 'yar ƙauye ce, ya tambaya ko dawar bana ta yi kyau a can. Na ce Baba ai Tarauni yanzu babu gona, gidaje ne da shaguna har Unguwa Uku. Can ya tambaya ko Turawa sun tafi. Na ce tuni, bayansu ma soja sun yi nasu sun gaji, bana suka sauka. Ya kaɗa kai ya ce ikon Allah.

A nan ne jikina ya fara ba ni. Ni mai wanki ce, idona a kan tufa yake fara sauka. Duk wanda ya sauka daga bas ɗin nan tufarsa ta yi baƙi da toka, farar shaddar Alhaji sai da na ji kamar in yi kuka. Amma 'yar sharar da ke jikin dattijon nan fara ce sol, irin ɗinkin hannu na da, babu ko ɗigon baƙi, ga shi a zaune dirshan a kan tokar. Na kalli ƙafarsa, babu takalmi, ya ɗora ta a kan dutsen da ni nake jin zafinsa ta cikin roba. Sannan na kalli hannun da ya dafa gwiwa da shi. Ƙaramin yatsan hagu guntu ne.

Na so in yi a'uziyya da ƙarfi, harshena ya yi nauyi, sai a zuci na yi ta. Bai ɓace ba, bai canja kama ba, yana nan zaune yana kallona kamar mai jiran a gama gaisuwa a shiga magana. Ban san lokacin da hannuna ya kai haɓar mayafi ba. Na kwance goron, na matsa, na miƙa da hannu biyu, na ce, "Baba, saƙo ne daga Gyaɗi-Gyaɗi."

Bai tambayi wa ya aiko ba. Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ɓara, ya gutsura yana taunawa a hankali idonsa a rufe. Na ga hawaye yana bin gemunsa. Da ya buɗe ido sai ya ce, "Har yanzu fushi take?"

Na ce ban sani ba Baba, ni dai na san kullum tana ajiye tuwo.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu ya ɗora a tafin hannuna. Ɓarin goro ne, fari, ɗanye shar kamar yanzu aka ɓara shi, kuma da ɗumi.

"Ki ce mata rabonta ne. Na gaji da riƙo."

Ya ce in yi sallata lokaci yana tafiya. Na ɗaure ɓarin a inda na kwance wancan, na fuskanci inda ya nuna, na tayar da kabbara. Raka'a biyu ce ta matafiyi, amma ban san me na karanta ba. Da na yi sallama na waiga, babu kowa a kan rufin. Na tashi na leƙa hagu da dama, fili ne fetal babu inda mutum zai ɓuya. Abin da na gani kawai tukar jan goro ce a kan baƙin dutse inda ya zauna, tana ƙara tsss tana bushewa. Na kai yatsa kusa da wurin na janye da sauri, ko gefensa ba ya taɓuwa don zafi.

Sai a lokacin kunnena ya buɗe, na ji ana ta danna ham ana kiran sunana. Ina fitowa daga bayan katangar na ga Alhaji a gigice, hularsa a hannu, shi da mai jagora. Wai sun zagaya bayan katangar nan ba sau ɗaya ba, ba su gan ni ba, ba su ga sallaya ba, har la'asar ta wuce, sauran mutane suna ta faɗa za a sa jirgi ya tafi ya bar su. Ni kuwa a lissafina ko tafasar ruwan shayi ban yi ba. A cikin bas na tambayi mai jagora da ɗan Turancina ko akwai wani tsoho da ke zaune a can. Ya dube ni ya ce babu mai zama, ko akuya ba ta zuwa. Na ce a da fa, akwai baƙi a ƙauyen? Ya ce an ce akwai 'yan tsiraru da suka sauka daga jirage suka zauna, amma babu wanda ya riƙe sunayensu. Daga nan bai ƙara yarda mun haɗa ido ba.

Da muka koma jirgi na gaya wa Alhaji komai, na nuna masa ɓarin. Ya taɓa, ya janye hannu, ya ce in jefa shi a teku yanzun nan, wannan aikin mutanen ɓoye ne, mamaci ba ya dawowa. Na ce ni ma na san mamaci ba ya dawowa, amma amana aka ba ni, kuma da sallama ya zo. Sai ya yi mini tambayar da ta hana ni sukuni har muka iso Kano. Ya ce in na je me zan ce wa Gwaggo, yana raye ko ya mutu? In na ce yana raye, na ƙara mata wasu shekarun na jira. In na ce ya mutu, na yi shaidar abin da ban gani ba. Kowa ya san ɓararren goro ko yini ba ya yi sai ya yi ja ya yanƙwane, amma wannan har muka sauka a Legas, muka hawo mota, yana nan fari, kuma ɗumin bai tafi ba.

Washegarin isowarmu da hantsi na tafi Gyaɗi-Gyaɗi. Na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Na riga na yanke shawara ba zan ce komai daga kaina ba. Bayan mun gaisa na kwance haɓar mayafi na ɗora mata ɓarin a hannu, na maimaita kalmominsa yadda ya faɗe su, ban ƙara ban rage ba.

Ta dube shi ta dube shi. Ba ta tambaye ni ina na gan shi ba, ko yaya yake, ko yaushe zai dawo. Sai ta fara magana a hankali, kamar ba da ni take ba. Ta ce al'adarsu ce ita da shi, duk lokacin da zai yi tafiya sai ya ɓara goro, ya ci ɓari ta ci ɓari, sannan ya fita. Ranar da zai tafi Ikko ba ta son tafiyar, ta yi fushi ta juya masa baya. Ya ɓara farin goro ya ci nasa, ya miƙo mata nata, ya daɗe a tsaye da hannu a miƙe, ta ƙi waiwayowa. Sai ta ji ya ce to zai riƙe mata. Ta ce ko mahaifina ba ta taɓa gaya wa wannan ba.

Ta aike ni in ɗauko mata magogi, don haƙoranta sun ƙare. Ta goge ɓarin nan tas a tafin hannunta, ta yi bisimilla ta zuba a baki, ta lashe abin da ya rage. Sannan ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta ta miƙo mini. Ta dubi gabas, muryarta ko rawa ba ta yi, ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Allah ya sa ya huta."

Ni ce na fashe da kuka, ba ita ba. Matar da ta yi mata dariya rannan tana tsaye da tsintsiya a hannu, ta kasa motsi.

A ranar ta shiga takaba. Malaman unguwa sun yi ta ja-in-ja a kan ko ta wajaba a kanta ko ba ta wajaba ba, ita dai ba ta saurari kowa ba. Mahaifina ya tara mutane aka yi addu'a aka raba waina da gumba. Akushin nan ta wanke shi ta kife a kan rumfa, ba a ƙara sa masa tuwo ba. Ta gama takabarta lafiya, ba ta daɗe ba ita ma ta bi shi. Allah ya gafarta musu baki ɗaya.

Har yau ban san wa na gani ba. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne Musulmi da ya san mutumin, wani ya ce in bar wa Allah saninsa, kuma shi na bi. Mayafin yana nan a ƙasan akwatina. Haɓar da na ɗaure goron ta yi wani zagayayyen tabo kamar an ɗora dutsen guga an manta, babu irin sabulun Alhaji da ban gwada ba. Wani lokaci in ina gyaran kaya hannuna ya kai wurin, sauran mayafin da sanyi, wannan haɓar kuwa sai in ji ta da ɗumi, in mayar in rufe akwatin in yi ta salati.

Don haka 'yan'uwana, musamman mata, ina roƙonku, in tsoho ya ba ku saƙo ku karɓa da mutunci ko da kuna ganin shirme ne, ba ku san wa ke jira ba. In kun je baƙon wuri kada ku ware daga jama'a, kuma ku riƙe azkar. Sannan duk zafin da zuciya ta yi, in mutum ya sa ƙafa zai yi tafiya ya miƙo muku hannu, ku waiwayo ku karɓa.